Fim ɗin Sarauniya Amina: Mu Auna Shi da Mudu Ɗaya

'Yan'uwa mazauna unguwa, na Hausari a Nguru da na Zango a Gashuwa, da duk wanda wannan mujalla ta isa hannunsa.

Tun watan Nuwamba na shekarar 2021 da kamfanin Netflix ya saki fim ɗin "Amina", wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, maganarsa ba ta mutu ba a majalisunmu. Ba kowa ne ke biyan kuɗin Netflix a nan ba, amma ai kun san yadda abin yake: yaro ya kai waya shagon caji, a tura masa da 'yan canji, kafin mako ya zagayo ya shiga kowane gida. A 2022 kuma aka ba fim ɗin kyautar gwarzon fim na shekara a bikin AMVCA da ake yi a Legas. Ke nan duk wanda bai san Zazzau ba, daga Fatakwal har Landan, wannan fim shi ne Zazzau a wurinsa. Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu ma haka suke ɗauka, domin yaron da aka haifa a Nguru ko Gashuwa, wanda bai taɓa taka Ƙofar Doka ba, waya ce kakarsa mai ba shi labari.

Jama'a sun rabu biyu. Wasu na cewa an ci mutuncin Bahaushe, an ɗauki tarihinmu an ba baƙi. Wasu na cewa ai fim ne, wasa ne, mene ne na tayar da jijiyar wuya? Ni ɗan kasuwa ne, kuma abin da kasuwa ta koya mana shi ne mudun da ka saya da shi, da shi za ka sayar. To bari mu auna fim ɗin, sannan mu auna kanmu da wannan mudun.

Me aka sani game da Amina?

Kafin a ce wani ya ɓata tarihi, sai a san tarihin. Abin da aka rubuta a kan Amina kaɗan ne ƙwarai, kuma marubutan ba su haɗu a kan lokaci ɗaya ba.

Littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, ta yi shekara 34 tana yaƙe-yaƙe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ya ƙara da cewa a zamaninta ne kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya ambace ta a matsayin 'yar Sarkin Zazzau wadda ta yi yaƙi har Kano da Katsina suka riƙa kai mata gaisuwa, ya ce ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Tarihin Abuja kuwa, wanda zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe da ke Suleja suka adana, ya ce 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake sanya hawansa mulki a wajen 1536. Kun ga tsakanin wannan lissafi da na Tarihin Kano akwai fiye da shekara ɗari. Har shi kansa Bakwa an yi saɓani, wasu sun ce namiji ne, wasu sun ce mace ce. Sunan Amina kuma ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau da aka saba karantawa, sai dai ga ganuwa nan a garuruwa da dama ana kiranta ganuwar Amina har yau. Labarin nan da ake yi na cewa tana ɗaukar namiji a kowane gari ta kashe shi da safe, babu shi a wurin Bello, babu shi a Tarihin Kano. Hirar baka ce.

Idan aka tattara wannan duka, da ƙyar ya cika shafi biyu. Mai shirya fim kuwa yana buƙatar abin da zai riƙe mai kallo har ƙarshe. Dole ya yi ciko. Don haka ni ba na tuhumarsa da yin ciko. Tambayata ita ce, da me ya cika? Da ƙasar wurin ya yi yaɓe, ko daga wata uwa duniya ya ɗauko?

Abin da fim ɗin ya yi daidai

A faɗi gaskiya, an kashe kuɗi kuma an yi wahala. Dawaki, kayan yaƙi, taron jama'a, ɗaukar hoto, duk sun fi abin da muka saba gani a finafinan da ake yi cikin falo biyu da mota ɗaya. Wanda ya ga yarinya ta tsaya gaban mahaifinta sarki tana neman a koya mata yaƙi, fadawa suna ganin abin kamar wauta, zai ji wani abu a ransa, musamman mai 'ya'ya mata.

Sannan shigar da Igala cikin labarin yana da tushe. Masana da yawa suna sanya Atagara a yankin Idah, ƙasar Igala, a bakin kogin Kwara. Wanda ya rubuta labarin ya duba littafi ko kaɗan ne, ba kai-tsaye ya faɗa ba. Haka kuma an sa 'yan wasan Arewa, ga Ali Nuhu, ga Yakubu Muhammad, ga marigayi ko mai rai duk wanda ya taka rawa, Allah Ya saka wa kowa gwargwadon niyyarsa.

Inda mudun bai cika ba

Babban aibin fim ɗin shi ne harshe. Da Turanci aka yi shi, sai ɗan barbaɗen Hausa nan da can kamar gishiri. Wani zai ce ai don duniya ta fahimta ne. To mu nan a Nguru mun kalli Ertugrul na Turkiyya, mun kalli finafinan Indiya tun zamanin silima, ba mu jin ko kalma ɗaya, amma bai hana mu kallo ba. Baturke bai sa kakanninsa sun yi Turanci ba, ya bar su da harshensu, duniya ta bi shi da fassara.

Kuma a fadar Hausa harshe shi ne rabin sarauta. Yadda ake faɗuwa gaisuwa, yadda bafade ke karɓa a madadin sarki, kirarin da maroƙi ke yi, habaicin da Madaki zai jefi Galadima da shi a gaban sarki ba tare da ya kama suna ba, karin maganar da tsohuwa za ta kashe zance da ita, duk wannan ba ya shiga Turanci. Idan aka cire shi, abin da ya rage rawani ne da alkyabba a jikin mutanen da ke magana kamar 'yan makarantar boko a dandalin wasan kwaikwayo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na biyu, cikon da aka yi ba na gida ba ne. Filin da ake zuba mutane su yi faɗan mutuwa jama'a na kallo suna sowa, wannan daga finafinan Rumawa aka aro shi. Muna da dambe, muna da kokawa, muna da sharo a wurin Fulani, muna da wasan tauri da na farauta. Kowanne yana da ƙa'idarsa da kiɗansa, kuma kowanne ya isa ya nuna jarumta. Haka soyayyar da aka ƙulla tsakanin Amina da Danjuma, ɗan sarautar Igala, an ba ta wurin da ya rage wa Amina tsawo. Matar da littattafai suka tuna da ita saboda mulki da gina ganuwa, sai ga shi mai kallo ya tashi yana tuna wa ta so.

Na uku, a matsayina na mai awo da saye, abin ya ba ni takaici: ina kasuwa? Tarihin Kano da ya ambaci Amina, goro ya ambata da kayan yamma. Yaƙin wancan zamani yawancinsa a kan hanyar fatake ake yinsa, wa zai riƙe hanyar da goro da kanwa da dawaki da tufafi ke bi, wa zai karɓi fito. Ganuwa ma ai don a tsare kasuwa da gona ake gina ta. Fim ɗin ya nuna mana takobi, bai nuna mana abin da ake zare takobin dominsa ba. Da an nuna ayari da madugu da zango, da mu zuriyar fatake mun ga kanmu a ciki.

Na huɗu, addini. An ba bokanya Zumbura, wadda Clarion Chukwura ta fito a matsayinta, babban wuri a labarin. Ni ba zan ce a goge bori da tsafi daga tarihi ba, domin an yi su, kuma ƙawata tarihi da ƙarya shi ma ƙarya ne. Amma a tuna, Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci Kano tun zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, kuma Shehu Magili ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Duk lissafin da ka bi, Amina ta rayu ne lokacin da malami da boka suke ja-in-ja a fadojin ƙasar Hausa. Wannan ja-in-ja kaɗai ya isa fim guda. An ɗauki ɓangare ɗaya an ɗaga, ɗayan bai sami wurin da ya kai nasa ba.

Batun wadda ta fito a matsayin Amina

A nan ne zan saɓa wa wasu abokaina. Da yawa abin da ya fi ƙona musu rai shi ne Lucy Ameh, wadda ta fito a matsayin Amina, ba 'yar Kannywood ba ce, suna cewa ba jininmu ba ce. 'Yan'uwa, a yi hattara da maganar jini. Mu da muke zaune a ƙasar Mangawa da Badawa mu ne ya kamata mu fi kowa tsoronta.

Ku duba unguwarmu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, mutane suka yi ta kwararowa neman gyaɗa da fata da ƙaro da kanwa da banda. Wani kakansa Bakano ne, wani Bahaɗeje, wani Badamagare, wani Buzu ne, wani Banufe, wata kakarsa Babarbariya ce. Yau duk Hausawa ake kiranmu, saboda harshe da ɗabi'a da zama tare. Shi kansa Ali Nuhu da ake kira sarkin Kannywood, a Maiduguri aka haife shi, mahaifinsa mutumin Balanga ne a jihar Gombe, mahaifiyarsa 'yar Bama ce. Wa ya taɓa cewa bai isa ya fito a matsayin Bahaushe ba? Kuma a wannan fim ɗin ɗan Igala ya fito. Idan laifi ne wadda ba Bahaushiya ba ta zama Amina, to su ma Igala suna da ƙarar da za su shigar. Mudu ɗaya, jama'a.

Abin da za a nema a wurin ɗan wasa shi ne ya san abin da yake kwaikwayo: harshen, tafiyar, zaman, kunyar, izzar. Da an yi fim ɗin da Hausa, aka zaunar da 'yar wasan a Zariya wata shida a hannun tsofaffin matan fada, da ko daga ina ta fito sai mun tafa mata. Laifin na waɗanda suka tsara aikin ne.

Ba mu kaɗai ba ne

Irin wannan rigima ta faru a wurare da dama. A 2023 Netflix ya fitar da shiri a kan Kiliyobatira, sarauniyar Masar, aka sa Adele James, mai baƙar fata, ta fito a matsayinta. Hukumar kula da kayan tarihi ta Masar ta fito ta yi tir, tana cewa gidan sarautar su Kiliyobatira asalinsu daga Makidoniya ne ta ƙasar Girka. Baƙaƙen Amurka suna neman su ga kansu a tarihi, Misirawa kuma suna cewa kada a yi hakan da namu. Kowa yana da hujja, amma mai gida ba a tambaye shi ba.

A 2022 an yi "The Woman King", inda Viola Davis ta jagoranci matan yaƙin Dahomey, a ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Benin. A nan baƙaƙe ne suka taka rawar mutanen Dahomey, amma masana suka ce an wanke Dahomey. An nuna ana ba Sarki Gezo shawarar ya bar cinikin bayi ya koma manja, alhali shi Gezo ya ci gaba da sayar da mutane har sai da jiragen ruwan Ingila suka toshe masa gaɓar teku. Ashe launin fata ya yi daidai, labari kuma ya karkace.

Ga kuma na kusa da mu. Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi a Nijar, ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙone garuruwa ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta, Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma 'yar can ce, Aï Keïta, ta fito a matsayin sarauniyar. Duk da haka ana girmama fim ɗin har yau, domin bai ɓoye ta'asar Turawa ba, bai kuma ɓoye cewa wasu sarakuna baƙaƙe sun ƙi taimakonta ba.

Darasin shi ne gaskiyar labari ta fi fuskar ɗan wasa nauyi. Mu ma idan muka tashi yin namu fim ɗin Amina, za mu iya faɗin gaskiya? Babannin nan 40 da aka aiko daga Nufe 'ya'yan wasu ne. Garuruwan da ta ci, akwai iyaye mata da suka yi kuka. Jarumar Zazzau, a idon Banufe ko Bagwari, mai kawo hari ce. Magabatanmu sun fi mu ƙarfin hali a nan: littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mai da fim a 1976, da Hausa aka yi shi, kuma ya nuna bauta da satar mutane a ƙasar Hausa ƙuru-ƙuru.

Laifi tudu ne

To yanzu mu hau kan mudun. Tun "Turmin Danya" a 1990 ake yin finafinan Hausa a Kano, dubbai sun fita. A cikinsu nawa ne aka zauna aka yi bincike aka yi a kan Amina, ko sarauniyoyin Daura da suka yi mulki kafin zuwan Bayajida, ko Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gonar da ka ƙi nomawa, kada ka yi fushi don maƙwabci ya shuka abin da yake so.

Sannan yaya muke nuna wasu a namu finafinan? Bagwari ɗan doya ne mai gurɓatacciyar Hausa. Inyamuri mai son kuɗi ne. Bafulatani ɗan daji ne da ake yi wa wayo a tasha. Babarbare kuwa sai an buƙaci dariya ake kiransa. Badawa da Ngizimawa da Karekare ma ba a san da su ba. Muna dariya, ba mu taɓa tambayar yadda maƙwabcinmu da ke zaune kusa da mu a gidan kallo yake ji ba. Zafin da muka ji da aka sa Amina Turanci, shi ne irin wanda suke ji shekara da shekaru.

Alhali ƙasar nan da ta karɓe mu tana da matan sarauta da suka isa a yi musu fim. Kogin nan da ya ratsa Gashuwa, idan ka bi shi gabas zuwa wajen Gaidam, za ka kai kufan Birnin Ngazargamu, hedikwatar daular Barno tun zamanin Mai Ali Gaji har zuwa 1808. A fadar Barno mata suna da sarautu masu ƙarfi: Magira uwar sarki, Gumsu uwargidansa, Magaram 'yar'uwarsa. Tarihin baka ya adana sunan Aisa Kili Ngirmaramma, wadda aka ce ta riƙe mulkin Barno shekara bakwai, kuma yawancin masu ba da labari suna cewa ita ta riƙe wa Mai Idris Alauma gadon sarauta har ya isa hawa. Ana danganta mata ginin fadar Gambaru ta jan bulo a bakin kogin. Kamar Amina, ita ma an yi saɓani a kan shekarunta, kuma marubutan fada ba su ba ta wurin da bakin jama'a ya ba ta ba. Yaranmu sun san sunan matar Ertugrul, amma ka tambaye su Aisa Kili ka ga ido. Ga Gogaram, tsohon birnin Badawa da ganuwarsa, nan kusa da mu. Mun je kallon bikin kamun kifi, amma mu nawa muka zauna da dattijon Babade muka tambaye shi labarin matan gidan sarautarsu?

Abin yi

Hukuncina a kan fim ɗin shi ne: a kalle shi a matsayin tatsuniya mai kyan hoto, kada a karantar da shi a matsayin tarihi. Uba ya zauna da 'ya'yansa, ya ce musu wannan yana cikin littafi, wannan ƙari ne. Akwai wuraren da ba su dace da ƙananan yara ba, a lura.

Malaman Islamiyyunmu su ware ko rabin sa'a ne a mako don tarihin ƙasa, a karanta wa yara labarin Nana Asma'u da Amina da Aisa Kili tare, na baƙo da na mai masauki. Matasanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da sauran makarantu, wayar da kuke kallon fim da ita tana ɗaukar murya. Ku je wurin kakanninku, da tsofaffin Mangawa da Badawa, da izini da ladabi, ku naɗi abin da suka sani kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Attajiranmu kuma, masu fataucin kifi da shinkafa da dabbobi, ku sani fim jari ne kamar kowane jari, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Tun watan Janairu na 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos. Ya ga yadda aka yi wancan aikin da idonsa. Muna fata a zamaninsa a yi fim ɗin matan sarautar Arewa da harsunansu, Bazazzagiya ta yi Hausa, Magira ta yi Barbarci, a rubuta fassara a ƙasa ga wanda bai ji ba. A zauna da masarautar Zazzau da ta Barno da ta Bade tun kafin a kunna kyamara, a kuma ba zuriyar waɗanda aka ci da yaƙi dama su faɗi nasu.

Allah Ya hore mana faɗin gaskiya ko a kanmu ne, Ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya shirya mana zuriya.